Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shiri Kan Neman Kuɗin Karatun Jami'a

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

Ina gai da iyayena maza da mata na cikin garin Gure da ƙauyukan kewaye, da mutanen Gidigir, da na Bune, da Kelle, da Gamu, da Alakos, da Subdu, har da ƴan'uwanmu na Tesker in iska ta kai musu muryarmu. Ina gai da manoma da makiyaya, da masu aiki cikin kwaruruwan dabino da kanwa, da malaman makaranta, da ku ƙannena ɗalibai, musamman waɗanda ke ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, da waɗanda suka riga suka ci Bak, jarrabawar kammala ta.

Yau zancenmu na kuɗi ne, kuɗin karatun jami'a. Yaro ya ci Bak, an yi guɗa, an yi barka, sai gari ya waye uba ya zauna yana lissafi: kuɗin mota zuwa Damagaram, kuɗin rajista, wurin kwana, abinci, takardu. In Yamai aka tura yaron, tafiya ce ta fiye da kilomita 1000. A nan ne wasu gidaje kan ce, to, a haƙura haka nan, Allah bai yi ba. Ni kuwa abin da ya sa na zauna gaban wannan makirfo shi ne in faɗa muku cewa gwamnati na da hanyoyin taimako, amma ba su zuwa su tarar da mutum a gida. Nemansu ake yi, da takardu, cikin lokaci. Wanda ya fara shiri tun da wuri shi ke samu.

Ku matso kusa da rediyo. Wanda ke da alƙalami ya ɗauko, wanda bai iya rubutu ba ya kira yaro ya rubuta masa.

[Gajeren kiɗa]

Mu fara da raba tsaki da tsakuwa, domin akwai ruɗani a bakin mutane. Mu nan Gure kunnenmu ɗaya yana Najeriya. Muna jin tashoshinsu, ƴan'uwanmu na zuwa Nguru da Gashuwa da Kano suna dawowa da labari. Tun shekarar 2024 ake ta jin cewa gwamnati na ba ɗalibai rance. Gaskiya ne, amma gwamnatin Najeriya ce, kuma ƴan Najeriya take ba. Zan dawo kan wannan nan gaba.

A Nijar tsarin daban yake. Hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce ANAB, hukumar ƙasa mai kula da alawus da tallafin karatu, cibiyarta na Yamai. Abu biyu take bayarwa. Na farko shi ne burs, wato kuɗin da ake lissafa wa ɗalibi wata-wata, ana biyansa kashi-kashi, galibi na wata uku a haɗe. Na biyu shi ne taimakon jin ƙai, wanda ake ba ɗalibin da bai samu burs ba amma ya cika sharuɗɗa, kuma bai kai burs yawa ba. Duka biyun ba rancen banki ba ne. Babu ruwa a kansu, ba kuma za a zo a kama akuyar uba don yaro ya karɓa ba. Iyayena, ku riƙe wannan da kyau, domin akwai waɗanda ke hana ƴaƴansu nema saboda tsoron bashi.

Akwai kuma taimako na uku da mutane ba su cika lissafawa da shi ba, alhali kuɗi ne mai yawa. Kowace jami'ar gwamnati na da cibiyar kula da jin daɗin ɗalibai, wadda a jihohi ake kira CROU. Ita ke riƙe da site, wato gidajen kwanan ɗalibai, da resto inda ake cin abinci da tike mai rahusa, da ɗakin shan magani, da motocin jigila. Ɗalibin da ya samu gado a site, yake cin abinci a resto, an sauke wa iyayensa rabin kaya. Sai dai gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba, don haka shi ma neman ɗaki da wuri ake yinsa, kuma takardarsa daban ce da ta burs.

Sannan akwai guraben karatu na ƙasashen waje. Ƙasashe aminan Nijar, irin su Aljeriya da Maroko da Tunisiya, kan ba da gurabe, kuma da yawansu ta hannun ANAB suke biyowa. Waɗannan masu maki mai kyau ake zaɓa, kuma wa'adinsu gajere ne ƙwarai. Wani lokaci kafin labari ya iso ƙauye an rufe.

[Kiɗa]

To, yanzu ga gundarin shirin: takardu. Ƙannena, ku saurara. Dosiye, wato tarin takardun neman burs, ba a haɗa shi rana ɗaya. Sanarwar kowace shekara ita ke fayyace abin da ake so daki-daki, ita za ku bi, amma akwai takardun da ba su taɓa ɓacewa daga jerin ba.

Ta farko, uwar dukkan takardu, ita ce takardar haihuwa. A nan ne ƴaƴan karkara suka fi tuntuɓe. An haifi yaro a ruga ko a wani ƙauye mai nisa da gidan likita, an yi suna, an yanka rago, amma ba wanda ya je ya rubuta shi. Ko kuma an rubuta, takardar tana cikin akwati gara ta cinye, ko ruwan damina ya lalata ta. Wanda aka rubuta haihuwarsa, sai ya koma meri, wato ofishin magajin gari, inda aka rubuta shi a fid da masa wata. Wanda ba a rubuta ba sam, sai an bi ta kotu, a kawo shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a matsayin shaidar haihuwa. Muna da kotu nan cikin Gure, ba sai an je Damagaram ba. Lokaci zuwa lokaci kuma alƙalai kan fita zaman shari'a na tafi-da-gidanka cikin ƙauyuka don wannan aiki. In kun ji an yi shela, ku kwashe yaran gida duka ku kai, har da na goye.

Ta biyu ita ce takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda muke kira nasiyonalite. Kotu ke ba da ita, kuma za a nemi takardar haihuwar yaro tare da takardar uba ko ta uwa. Kun ga ke nan, in uban ma ba shi da takarda, aiki ya zama biyu. Shi ya sa nake cewa tun yaro na ajin farko na lise ya kamata a gama da wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku, shaidar cin Bak da takardar makin da aka samu. Ta huɗu, shaidar rajista a jami'a ko babbar makarantar da aka shiga. Sai hotuna, da katin shaida, da takardar roƙo da fom ɗin da hukuma ta tanada. Ba ainihin takardunku za ku miƙa ba. Kwafi ake yi, a kai meri ko wajen ƴan sanda a buga hatimin tabbatarwa. Na ainihin a sa su cikin leda, a adana inda ruwa da ɓera ba su kai. Kowace takarda ku yi mata kwafi da yawa, ku kuma ɗauki hotonta da salula.

Akwai wani abu ƙarami da ke rusa dosiye gaba ɗaya: saɓanin suna. A takardar haihuwa an rubuta sunan da wani salon rubutu, a takardar Bak an rubuta da wani, ko an sa sunan kaka a wurin sunan uba, ko ranar haihuwa ta bambanta. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke Yamai bai san yaron ba, takarda yake gani, kuma kwamfuta ba ta jin rarrashi. Yau da dare, ku fito da takardunku duka ku jera su, ku duba harafi-harafi. In kun ga bambanci, ku je wajen shugaban makaranta ko kotu a gyara tun kafin rajistar Bak. Gyara kafin jarrabawa aikin kwanaki ne, bayan jarrabawa kuwa yana iya cin shekara.

[Kiɗa, da tunatar da masu sauraro batun shirin]

In yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ɗalibin Gure zai nemi tallafin gwamnati don karatun jami'a.

Takarda ta cika, to me ake dubawa? Kwamitin ƙasa ne ke zama ya tace dosiye. Yana duba makin da ɗalibi ya samu a Bak, da shekarunsa, da fannin da zai karanta, gwargwadon kuɗin da ke cikin kasafi. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan ita ce, cin Bak da ƙyar da cinsa da maki mai kyau ba ɗaya ba ne. Ƙanena da ke ajin ƙarshe, kowane maki da ka ƙara a lissafi ko kimiyya ko falsafa, sauƙi ne ka kawo wa aljihun mahaifinka. Kuma tun da ana duba shekaru, iyaye su sa yara makaranta kan kari, kada a riƙa cire su tsakiyar shekara don kiwo ko aikin gona, har su yi ta maimaita aji.

Sai zaɓen fanni da wurin karatu. A da, duk ɗan Nijar da ya ci Bak Yamai ya nufa, domin jami'ar gwamnati ɗaya ce tak, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, take ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana. Yau ba haka ba ne. A shekarar 2010 an mai da cibiyoyin fasaha na Damagaram da Maraɗi da Tawa jami'o'i, a 2014 kuma aka kafa na Difa da Agadas da Doso da Tilaberi. Mu nan Allah ya ajiye mu tsakanin biyu. Yamma da mu, kusan kilomita 170, ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram, mai ɗauke da sunan masanin tarihin nan ɗan Damagaram wanda ya jagoranci Babban Taron Ƙasa na 1991. Ana karanta likitanci a can, da kimiyya, da adabi da ilimin zamantakewa, da aikin koyarwa, ga kuma cibiyar fasaha mai gajeren zango. Gabas da mu, a kan wannan babbar hanya tamu, ga Jami'ar Difa, inda aka fi ba da ƙarfi ga aikin gona da muhalli. Tawa ta yi suna kan shari'a da tattalin arziki, Agadas kuwa kan ma'adinai da makamashi.

Kusanci kuɗi ne. Ɗalibin da ke Damagaram ana iya aika masa buhun hatsi da safe ya karɓa da rana. In ya yi rashin lafiya, uwa na iya zuwa ta gan shi ta dawo. Ba na hana kowa zuwa Yamai ko waje, wani fannin can kaɗai yake. Ina dai cewa a yi zaɓe da lissafi, ba don aboki ya tafi can ba. Ku zauna da malamanku, su suka san ƙarfinku. A tsarin yau digiri na farko shekara 3 ne, na biyu shekara 2, na uku shekara 3, likitanci kuwa ya fi haka tsawo. Wanda ya shiga fannin da ba ya iyawa, ya yi ta faɗuwa, burs ɗinsa na iya tsayawa, domin ba a ba da shi sau ɗaya a manta. Kowace shekara sabuntawa ake yi, da shaidar cewa ɗalibi ya wuce aji kuma ya sake rajista. Da yawa sun samu a shekarar farko, suka yi sakaci da sabuntawa, suka rasa.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu batun ajiye dosiye. Sanarwa na fita ta rediyo da talabijin na ƙasa, da allunan jami'o'i, da shafin hukumar a intanet, kuma wani ɓangare na rajistar yanzu ta intanet ake yi. Mun san halin layi a wurarenmu, yau akwai gobe babu, wuta ma haka. Don haka kada a jira ranar ƙarshe. Wanda ke ƙauye ya shigo gari tun makon farko. Ɗalibi ya mallaki lambar waya da aka yi wa rajista da sunansa, da adireshin imel nasa na kansa, ya rubuta lambar sirrinsa a wuri amintacce. In wani ya taimaka maka da cikewa a shagon kwamfuta, ka tsaya kansa, ka karanta komai kafin a tura. In ka ajiye takardu, ka karɓi rasit, ka adana shi kamar yadda kake adana takardar Bak.

Ga gargaɗi, kuma ina roƙon iyaye su saurare shi fiye da yara. Duk lokacin da aka buɗe neman burs, mazambata su ma sun buɗe kasuwa. Wani zai kira ya ce shi ma'aikaci ne, sunan ɗanka ya kusa fita, a turo jika kaza a ƙarasa. Wani zai turo saƙo ta WhatsApp da hoton tuta da hatimi, ya ce a latsa nan a samu gurbin karatu a Turai. Wani ma ɗan gari ne, ya ce yana da hanya a Yamai. Kada ku ba kowa ko dala. Jerin sunaye a fili ake fid da shi, kowa ya gani. In sunanka bai fito ba kuma kana ganin ka cancanta, akwai hanyar ɗaukaka ƙorafi a rubuce, cikin wa'adi. Ka bi ta, ka nemi wakilan ɗalibai na ƙungiyar USN a jami'arku su nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Matambayi ba ya ɓata.

[Kiɗa]

Zan faɗa muku wata gaskiya da ba ta da daɗin ji. Ko an ba ɗanku burs, kuɗin na iya yin jinkiri. Wannan tsohon ciwo ne, kowa ya sha jin ɗalibai na yajin karatu saboda bashin alawus da suke bin gwamnati. Tarihin ƙasarmu ma na ɗauke da tabonsa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai sun fito a Yamai suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasa rayukansu. Har yau ɗalibai na tunawa da wannan rana kowace shekara. Allah ya ji ƙansu. Abin da ɗalibi ke karɓa a yau, wasu sun tsaya masa da jininsu, bai kamata a riƙe shi da wasa ba. Su ma hukumomi muna kira gare su da su riƙa biya kan lokaci, domin ɗan talaka ba shi da wani rumbu a birni.

Mu kuma a gida, mu yi namu shiri. Sabon ɗalibi ya fi kowa shan wuya, domin sai ya yi rajista, an tace dosiye, jeri ya fito, kafin kuɗin farko ya shigo hannunsa, kuma hakan na iya ɗaukar watanni. Gida ya tanadi abin da zai riƙe yaro waɗannan watanni. Tun yana ajin farko na lise, a ware masa tunkiya ko akuya biyu da sunan karatu, su hayayyafa, kada a taɓa su don biki. In kaka ta yi, a ware masa tiyoyin hatsi da wake. Mai dabino ya ware nasa, mai kanwa haka. Iyaye mata, a sa kwasar adashi ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta. Kawunnai da gwaggwanni, da yayyen da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, a zauna a yanka wa kowa abin da zai iya, ko jika ɗaya ce a wata. Kaɗan mai zuwa kullum ya fi mai yawa da ke zuwa sau ɗaya.

Kai kuma ɗalibi, ranar da kuɗin wata uku suka shigo a dunƙule, ka tuna na wata uku ne, wataƙila ma su kai ka wata biyar. Ka fara sayen tiken resto, ka biya ɗaki, ka ware na takardun darasi, ka ajiye kuɗin motar dawowa gida. Sabuwar waya ta jira.

[Kiɗa]

Na yi alkawarin dawowa kan rance. A Najeriya, shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar rancen ɗalibai a watan Afrilun 2024, asusun da ake kira NELFUND ya buɗe karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Asusun na biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata na ɗawainiya, babu ruwa a kai. Biya na farawa shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma na ƴan Najeriya ne da ke makarantun gwamnati, masu lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar jarrabawar shiga jami'a ta can. Ɗanmu da ke karatu a Kano ko Maiduguri da takardun Nijar bai shiga ciki ba. Kada wani ya ruɗe ku da cewa zai yi muku takardun bogi. Ranar da asiri ya tonu, digirin ma na iya salwanta.

Wasu ƙasashen sun daɗe a kan wannan hanya. Burkina Faso na da asusun FONER tun 1994, yana ba da taimako yana kuma ba da rance. Kenya ta kafa hukumarta ta rancen ɗalibai a 1995, Gana ta kafa nata asusu a 2005. Hikimar ita ce, wanda ya gama ya samu aiki ya biya, a ba na baya. In aiki ya yi wuya ko mutane suka ƙi biya, asusu ya rame, ƙannai su rasa. Wannan muhawara ce da ta dace mu ma mu riƙa yi da hankali, ganin yadda ɗalibai ke ƙaruwa.

Kafin nan, na san wasu gidaje dole sai sun ci bashi, wajen ɗan'uwa ko ɗan kasuwa ko asusun ajiya da lamuni. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Amma a tambayi abu huɗu kafin a karɓa: nawa za a mayar gaba ɗaya, yaushe za a fara biya, me aka jingina, me zai faru in an makara. A rubuta, a kafa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. In akwai ruwa a ciki, a tuntuɓi malamai tukuna. Kuma ina roƙonku, kada a jinginar da gona ko kwarin dabino da gida duka ke ci daga gare shi. Karatun ɗa ɗaya bai kamata ya zama yunwar ƙannensa ba.

[Gajeren kiɗa]

Ga tambayoyi biyu da iyaye suka fi yi.

Ta farko: ƴa mace fa? Ƙofar ANAB ɗaya ce ga mace da namiji, kuma a site ɓangaren mata daban yake. Babana, ka tuna ranar da ka kai iyalinka gidan likita, kana fatan mace ce za ta duba ta. Wannan likita ko ungozoma ƴar wani ce, wani uba ne ya daure ya bar ta ta tafi. Ka raka ƴarka da kanka, ka ga inda za ta kwana, ka damƙa ta hannun dangi ko yayyenta ƴan Gure da suka riga ta zuwa. In aure ya zo, a sa ci gaba da karatu cikin maganar tun farko, gaban waliyyai.

Ta biyu: in ba a samu burs ba, shi ke nan? A'a. A nemi taimakon jin ƙai, a nemi ɗaki a site, a shiga karatu, a dage, a kuma bi sanarwar shekara mai zuwa a ga ko an cika sharuɗɗa. Akwai kuma gasannin shiga makarantun horon malamai da na ma'aikatan lafiya da sauran makarantun sana'a, waɗanda zangonsu bai kai na jami'a tsawo ba. Ɗalibai da yawa na koyar da yara darasi da yamma a gidaje su samu na sabulu. Babu aibi a ciki, muddin bai ci lokacin karatu ba.

[Kiɗa mai taushi]

Ƙannena, na ce muku burs ba rance ba ne, kuma haka yake a takarda. Amma ku tambayi kanku daga ina kuɗin suka fito. Daga harajin makiyayin da ya kai raƙuminsa kasuwa ne, da mai sayar da kanwa, da matar da ke tallar dabino a tasha, mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar lise ba. Su ne suka biya muku. Gure na buƙatar wanda ya san yadda ake tsai da tudun rairayi kafin ya binne kwari, da likitan dabbobi, da mai haƙo ruwa a ƙasarmu mai dutse, da malamin lissafi da zai zauna a kwalejin ƙauye bai gudu ba. In lokacin bautar ƙasa ya zo aka turo ku karkara, kada ku shiga neman wanda zai canza muku wuri. In kun samu aiki, ku ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya, ko ba ɗan gidanku ba. Kuma tun yanzu, duk hutun da kuka zo, ku shiga lise ku nuna wa na baya yadda ake haɗa dosiye.

Aikin wannan mako ga kowane gida: a fito da takardar haihuwar kowane yaro a duba. Wanda ba shi da ita, a nufi meri ko kotu. Wanda ke lise, a nema masa nasiyonalite. A gwada sunaye a ga sun yi daidai. A zauna a yanke abin da za a ware don watannin farko. Masu gari da limamai, don Allah ku maimaita wannan saƙo a fada da masallaci, domin ba kowa ke kusa da rediyo a wannan sa'a ba.

Mai tambaya ya kawo ta nan gidan rediyo, ko ya ba shugaban makarantarsu ya iso mana da ita, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya buɗa wa yaranmu basira, ya hore wa iyaye abin ɗawainiya, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]